Salula da Ciwon Ci: Abin da Zai Yi Aiki a Gaya da Wanda Ba Zai Yi Ba

Kafin 2023, duk abin da zai shigo Nijar daga bakin teku, da wuya a ce bai biyo ta Gaya ba. Shekara da shekaru tireloli sun yi ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwan Kwatano, su tsallako gadar kogin Kwara daga Malanbil, su yi jerin gwano a Gaya kafin su miƙi hanyar Dosso da Yamai. Ta gabas kuma ga Kamba ta jihar Kebbi, kusa ƙwarai, mutum ya je ya ci kasuwa ya dawo ya kwana gidansa. Ko da aka datse gadar bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ciniki bai mutu ba, 'yan kwale-kwale ne suka karɓi aikin. Gari irin wannan ba shinkafa da atamfa kaɗai yake karɓa ba. Yana karɓar yayi, yana karɓar magani mai kyau da na jabu, yanzu kuma ta cikin salula yana karɓar hotunan jikin mata daga Legas, Kano, Abijan da Faris, kowanne da irin surar da yake cewa ita ce kyau.

Shi ya sa tambayar da likitocin ƙwaƙwalwa na Turai da Amurka suka daɗe suna juyawa ta shafi Gaya fiye da yadda ake zato: shin waya za ta iya yi wa wanda zamansa da abinci ya lalace magani? A ganina za ta iya ɗaukar wani ɓangare na aikin, amma ba da manhajojin da aka ƙera a can ba, kuma ba ita kaɗai ba.

Ciwon kansa likitoci sun kasa shi gida-gida. Akwai anoreksiya, wadda William Gull a Ingila da Charles Lasègue a Faransa suka siffanta a 1873: mutum ya hana kansa ci har ya ƙanjame ya kai gargara, ga abinci kuwa a gabansa. Akwai bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979: a narki abinci mai yawa cikin ɗan lokaci an kasa tsayawa, sannan a tura yatsa a maƙogwaro a amayar, ko a sha maganin wankin ciki. Akwai narkar abincin ba tare da amayarwa ba, wadda ta fi waɗancan biyun yawa a duniya, kodayake sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ba ta gurbin kanta. Sai kuma cin abin da ba abinci ba, irin su ƙasa, gawayi da alli. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 14 masu ciwon ci a 2019, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara da matasa. Wani nazari da mujallar Lancet Psychiatry ta buga a 2021 ya nuna lissafin ya tsallake nau'o'in da suka fi yawa, kuma da aka haɗa su adadin ya haura miliyan 55. Anoreksiya ce mai kisa a cikinsu: haɗarin mutuwar mai ita ya kusan ninka na tsararta sau shida, kuma kusan ɗaya cikin biyar na masu mutuwar su ne ke kashe kansu.

Na san abin da mai karatu zai ce. A ƙasar da kusan rabin yaranta ƙanana suka tsumbure saboda rashin abinci mai gina jiki, wa ke da sukunin ƙin ci? Wannan ai ciwon 'ya'yan Turawa ne da hutu ya yi wa yawa. Bincike biyu sun isa su sa a yi wa wannan magana linzami.

Na farko a arewa maso gabashin Gana aka yi shi, aka buga a 2004. An auna 'yan matan sakandare 668, aka sami goma da suka rame ƙwarai ba don wata cuta ko rashin abinci ba, sai don su ne ke hana kansu. Abin lura, babu wadda ta ce tsoron ƙiba take yi. Dukkansu da harshen addini suka bayyana abin, a matsayin azumi da horon kai, kuma suna ganinsa abin kirki ne. Duk wanda ya san gidajenmu zai gane yadda wannan zai iya ɓoyewa. Yarinya ta fara azumin Litinin da Alhamis, ta ƙara da wasu ranaku, in ta sha ruwa ta ɗan taɓa kunu ta ture kwano. Uwa ta ji daɗi, maƙwabta su yaba, a ce ta zama ustaziya. In ramar ta yi yawa a ce olsa ce, a sayo mata ruwan maganin ciki; in ta ƙi ci gaba a ce sammu ne ko iska. Malamai sun san addini ya hana jera azumi dare da rana ba buɗa-baki, ya kuma yi wa marar lafiya rangwame, amma ba kowane malami ne aka taɓa gaya masa cewa yunwar da mutum ya ɗora wa kansa tana iya zama ciwo ba.

Na biyun a tsibirin Fiji ne, inda a al'adance mace mai jiki ce mai kyau, kamar a nan. Talabijin ya isa yankin Nadroga a 1995. Anne Becker ta jami'ar Harvard ta tambayi 'yan matan makaranta a shekarar, babu ko ɗaya da ta ce tana amayar da abinci don ta rage jiki. Bayan shekara uku, sama da kashi 11 cikin ɗari suka ce suna yi. Talabijin ke nan mai tasha ɗaya, ba TikTok da ke kwana ƙarƙashin matashin yarinya ba.

Sai dai a Gaya da kewayenta matsin da ya fi ƙarfi har yanzu na neman ƙiba ne. Rama abin kunya ce: amarya ta rame, a ce mijin ba ya ciyar da ita, ko kishiya ta hana ta sakat, ko a fara raɗe-raɗin ƙanjamau. Ta yi ɓul-ɓul kuwa, a ce ta samu hutu. A ƙasar Zabarmawa an san hangandi, inda mata ke ɗura wa kansu abinci don su yi jiki, har a yi gasa a zaɓi wadda ta fi cika ido. Can arewa, Rebecca Popenoe ta zauna cikin Larabawan Azawak ta rubuta littafi a 2004 kan yadda ake fara ɗura wa yarinya nono da fura tun tana famfarar haƙora. A da wannan aiki na gero da madara ne, sai gidan da ke da shanu. Yau an samu gajeriyar hanya, ƙwayar da a Kano da Sakkwato ake yi wa kirari da "sha ka fashe".

Yawanci magunguna biyu ne a ƙarƙashin wannan suna. Ɗaya sifrohebtadin, maganin ƙaiƙayi da mura ne wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Shi ne a cikin Super Apeti da ruwan Apetamin, kuma an sami waɗanda ya taɓa musu hanta. Ɗayan deksametazon, magani ne mai daraja a hannun lokotoro, shi ne ma aka tabbatar a 2020 yana ceton masu korona da numfashinsu ya sarƙe. Amma wadda ta mai da shi abin sha kullum, abin da take gani a madubi kumburi ne take ɗauka ƙiba: fuska ta yi zagaye, ciki ya fito, ƙafafu da hannuwa su sirance, fata ta tsattsage. Daga baya sai ciwon suga, hawan jini, raunin ƙashi, jiki ya kasa kare kansa daga cuta. Mafi muni, jikin da ya saba da shi yakan daina yin nasa sinadarin, don haka wadda ta tsorata ta yanke shi rana ɗaya tana iya yanke jiki ta faɗi, har ta rasa rai. Sai an riƙa rage shi sannu a hankali a ƙarƙashin kulawar ma'aikacin lafiya.

Kundin likitoci bai sa shan ƙwayar ƙiba cikin jerin ciwon ci ba. Ni dai ina ganin jijiyarsu ɗaya: yarinya ce ta shiga yaƙi da jikinta saboda idon mutane, tana yi a ɓoye, ta kasa bari ko da ta ga illa. Kuma a nan ne waya ta riga likita isowa, a matsayin dillaliya. A 2017 gwamnatin Benin ta yi dirar mikiya a Adjegounle, ɓangaren masu magani na kasuwar Dantokpa a Kwatano, ta kwashe tan-tan na magunguna. Rumfa ana iya rushe ta, amma mai tallan "haɗin ƙiba" da "gyaran amarya" a WhatsApp ba ta da rumfa. Ta saka hoton kafin da na bayan, a turo kuɗi, ɗan kabu-kabu ya kai kaya. Ba mu kaɗai abin ya dama ba: a 2021 hukumar lafiyar Ingila sai da ta nemi Instagram ya hana tallan Apetamin. Ta ɗaya gefen kuma, a Yunin 2025 TikTok ya toshe alamar SkinnyTok, mai koya wa 'yan mata zama da yunwa, bayan gwamnatin Faransa ta matsa. 'Yar lakwal a Gaya da ke jin Faransanci tana ganin saƙonnin biyu a waya ɗaya: gida na cewa ki yi jiki, allo na cewa ciki ya lafe, ƙugu ya cika.

Cin farar ƙasa kuwa ba a ma ɗauke shi ciwo ba, kwaɗayin masu ciki ne kawai ake cewa. Sau da yawa alama ce ta ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, kuma kusan rabin matan Nijar da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini. Ƙasar kanta tana iya hana hanji tsotse ƙarfen, ta sa ciki ya ɗaure, an kuma sami dalma a irin wadda ake sayarwa a kasuwannin yammacin Afirka. Wannan shi ne nau'in da ya fi sauƙin kamawa: tambaya ɗaya a wurin awon ciki, gwajin jini, ƙwayar ƙarin jini.

To me fasahar zamani ta tabuka a inda aka gwada ta? Tushen yawancin manhajojin shi ne tsarin da Christopher Fairburn ya gina a Oxford. Marar lafiya ya riƙa rubuta abin da ya ci, da lokacin, da halin da zuciyarsa ke ciki. Ya koma cin abinci a kan ƙa'ida, sau uku da ɗan abin taɓawa a tsakani, don kada yunwa ta tara masa bashin da zai biya da narka. Sannan a bi tunanin da ke ɗaure ƙimar mutum da sikeli a warware shi. Tun 2017 hukumar NICE ta Birtaniya ta ce ga manya masu bulimiya da masu narkar abinci, matakin farko shi ne su bi irin wannan darasi da kansu, tare da wani mai bibiya da ke tuntuɓarsu lokaci-lokaci. Manhaja irin Recovery Record littafin rubutun ne ta mayar cikin waya, likita na gani daga ofishinsa.

Wani babban gwaji da aka buga a 2020 ya haɗa ɗalibai mata 690 a jami'o'i 27 na Amurka. Cikin waɗanda aka bai wa manhaja da mai bibiya, kashi 83 cikin ɗari sun fara. Cikin waɗanda aka ce su je asibiti, kashi 28 ne kawai suka samu kulawa. Ribar waya ke nan, tana isa ga wadda kunya ba za ta bar ta ta taka ƙofar likita ba. Damuwarsu da jiki da abinci ta ragu fiye da ta ɗaya rukunin, amma wajen barin ɗabi'ar baki ɗaya ba a ga bambanci ba, kuma da yawa sun watsar da darussan a hanya. Masu anoreksiya ma ba a sa su cikin gwajin ba, don ciwonsu ya fi ƙarfin waya.

Sai labarin Tessa, wanda ya kamata duk mai ɗokin ƙirƙirarriyar basira ya sani. A 2023 babbar ƙungiyar masu yaƙi da ciwon ci ta Amurka, NEDA, ta rufe layin wayarta da mutane ke amsawa, ta bar wata manhajar hira mai suna Tessa. Ba a je ko'ina ba wata mai fafutuka, Sharon Maxwell, ta nuna wa duniya cewa Tessa na ba masu ciwon shawarar su rage kalori 500 zuwa 1,000 a rana su kuma riƙa hawa sikeli duk mako, wato ainihin abin da ke rura ciwon. A ƙarshen Mayun shekarar aka dakatar da ita. Da Turanci ke nan, harshen da waɗannan na'urori suka fi ƙwarewa a kai. Mutum ya ƙiyasta abin da za ta faɗa da Dendanci, harshen mutanen Gaya.

In aka ɗauko waɗannan manhajoji aka kawo Gaya yadda suke, rigar aro ce, ba za ta rufe katara ba. Suna tambaya ko kina tsoron ƙiba, alhali wadda ke gabanka tsoron rama take yi, ko kuma ibada take gani. Suna so ki rubuta, a ƙasar da manyan da suka iya karatun boko ba su kai huɗu cikin goma ba, mata kuma sun yi ƙasa da haka. Suna so ki ɗauki hoton farantinki, alhali a kwano ɗaya ake sa hannu, kuma yarinyar da ta zaro waya tana ɗaukar tuwo hoto ta jawo wa kanta tambayar da take gudu. (Kwano ɗayan nan yana da nasa amfani: wadda ke juya loma ba ta kai wa baki, ƙanwarta ce za ta fara gani. Maganin da ya fi aiki ga matasa masu anoreksiya, wanda aka gina a asibitin Maudsley na Landan, iyali ne ke zaunawa da yarinyar har ta ci. Mu ba sai an koya mana zama tare a ci ba.) Suna ɗauka wayar taki ce ke kaɗai, alhali sau da yawa ta miji ce ko ta yaya, ko kuwa taki ce amma kowa na da ikon buɗewa.

Akwai kuma wanda ya fi waɗannan nauyi. "Ci sau uku a kan lokaci" shawara ce ga mai rumbu. Gwajin da Ancel Keys ya yi a Minnesota a 1944 zuwa 1945, inda maza 36 lafiyayyu suka yarda aka rage musu abinci na watanni, ya nuna yunwa kanta tana haifar da narkar abinci da yawan tunaninsa, ko bayan abinci ya wadata. Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama a Nijar, ga shinkafa, ga rake, ga kifi, amma ita ma ta san watannin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Manhajar da ba ta fara tambayar ko akwai abincin ba, za ta ɗauki talauci ta kira shi ciwon zuciya.

Duk da haka ban yarda a ce waya ba ta da wurin zama ba, domin Nijar na cikin ƙasashen da aka fi gwada amfaninta a karkara. A jihohin Dosso da Damagaram ne ƙungiyar Catholic Relief Services ta gudanar da shirin ABC daga 2009, inda aka haɗa yaƙi da jahilci da koyon amfani da salula, da Hausa da Zabarmanci, a ƙauyuka sama da ɗari. Jenny Aker, wadda ke jami'ar Tufts a lokacin, da abokan aikinta suka auna, suka ga azuzuwan da aka haɗa da waya sun fi cin jarrabawar rubutu da lissafi. A 2010 kuma, lokacin fari, Concern Worldwide ta aika wa mata tallafin kuɗi ta Zap, tsarin aika kuɗi ta waya, a jihar Tawa. Gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, wani ɓangare saboda ba su ɓata yini a layi ba, wani kuma saboda kuɗin na shigowa a asirce, matar na da ta cewa a kansa. A Mirya, ƙungiyoyin ALIMA da Befen sun koya wa iyaye mata auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zare mai launi, sai ga shi suna gano tamowa da wuri. A dukkan ukun kayan aikin ƙanana ne, cikin harshen gida, kuma akwai mutum mai rai a ɗaya ƙarshen.

Abin da zai yi aiki a Gaya ke nan, kuma ba ya bukatar sabuwar manhaja. Saƙon murya ne, wanda matan da ba su taɓa shiga aji ba suka riga suka ƙware a kansa. Ungozoma ko ma'aikaciyar jinya a ƙaramar likitar unguwa a koya mata 'yan tambayoyi da suka dace da nan: kina shan wani abu don ki yi jiki? Kina cin ƙasa? Kwana nawa kike azumi a mako, me kike ci in kin sha ruwa? Kina amayar da abinci da gangan? Al'adarki na zuwa? Wadda aka gano, a riƙa kiranta na 'yan mintoci duk mako a lokacin da ita ta zaɓa, ba a aika rubutun da wani zai karanta ba. Zimbabuwe ta nuna tsofaffin mata da aka horar, a shirin Friendship Bench na Dixon Chibanda, suna iya rage damuwar zuciya ta hanyar zama a saurari mutum, an kuma kai irin wannan hira kan WhatsApp. Ita ma'aikaciyar kuma tana bukatar wanda za ta kira. Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa suna nesa, a sashen da ake kira Pavillon E na babban asibitin Yamai, ko a Kware kusa da Sakkwato in an tsallaka iyaka. Kiran bidiyo tsakanin ma'aikaciya da ƙwararre ya fi sauƙin samuwa a kan ɗora yarinya a mota tafiyar kusan kilomita 300.

Akwai inda waya dole ta tsaya. Ba ta auna bugun zuciya, ba ta ganin gishirin fotasiyam da amai ya zubar har zuciya ta fara tangarɗa. Wadda ta daɗe da yunwa in aka ɗura mata abinci da yawa lokaci guda tana iya mutuwa, abin da ma'aikatan cibiyoyin tamowa na Nijar suka sani sarai, shi ya sa suke fara yaro da madara mai sauƙi kaɗan-kaɗan. Wannan ilimi yana nan a ƙasa, juyo shi kawai za a yi zuwa ga 'yan mata da matan aure. Kuma wani ne zai biya kuɗin kira da ladan mai kiran, in ba haka ba shirin ya mutu ranar da mai tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Da a ce ni za a tambaya da me za a fara, zan ce da saƙon murya na minti biyu, da Dendanci, Zabarmanci da Hausa, a bakin ungozomar da matan gari suka san muryarta, a sake shi cikin zaurukan WhatsApp na biki da adashi inda masu tallan ke yawo, a kuma saka shi a rediyon gari. Kada a zagi kowa a ciki, kada a yi wa'azi. A faɗi yadda fuskar mai shan deksametazon ke komawa, a ce wadda ta daɗe tana sha kada ta yanke shi da kanta, ta zo likita da kwalin maganin a hannunta, a gwada jininta da sugarta, a tsara mata yadda za ta rage.